Civic ɗin da ta cinye taya shida: neman hannun kamba na baya bayan an kwantar da mota

## Motar da mai ita

Honda Civic ce ƙirar 2007, mai ƙofa huɗu da inji 1.8, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka. 'Yar Beljiyam ce, kamar yadda muke kiran duk motar da aka hau a waje kafin ta iso mana, ko da ba ta taɓa taka ƙasar Beljiyam ba. Mai ita matashi ne ma'aikaci a Kano, mahaifansa na Zariya, kuma kusan duk ƙarshen mako yana kan hanya. In aka haɗa da yawon cikin gari, yakan ci kimanin kilomita 1,500 a wata. Sau da yawa akwai mutum biyu ko uku a kujerar baya, ga tsaraba a but. Ya sayi motar a watan Oktoba na 2021, da rim ɗinta na asali mai inci 16 da taya 205/55.

Kalma biyu za su yi ta dawowa a wannan bayani. Ta farko kamba: in ka tsaya a bayan mota ka dubi taya, kamba ita ce jinginar da ta yi. Idan samanta ya karkata ciki zuwa ga bodi, ƙasanta ya buɗe waje, kamba ta yi ciki ke nan, kuma na'urar alaimen kan rubuta ta da alamar ragi. Ta biyu ita ce abin da masu alaimen ke kira "to", wato inda hancin tayar ya dosa in ka leƙo motar daga sama. In ya dosi ciki, to-in. In ya dosi waje, to-awut.

A bayan wannan Civic kowace taya cin gashin kanta take yi. Akwai hannuwan ƙasa, akwai kuma gajeren hannu guda a sama wanda makanikai ke kira ofa-am. Honda ta sa bol mai juyawa don gyara to, amma ba ta bar wurin gyara kamba ba. Tsawon hannun sama ne ke yanke ta. Wannan hannu kuwa yana da tarihi. A 2008 Honda ta aika wa dillalanta na Amurka takardar gyara mai lamba 08-001 kan Civic na 2006 da 2007, saboda tayoyin baya na cinyewa ba daidai ba. Maganin da ta bayar shi ne sauya hannuwan sama da wasu da suka ɗan fi tsawo, masu alamar harafin C. Motocin da ba a kai wa dillali ba sun ci gaba da yawo da tsofaffin hannuwansu, wasu har suka ƙetaro teku da su. Wannan motar na cikinsu, sai dai a lokacin ba wanda ya duba.

Mai Civic irin ta Turai ta waɗannan shekarun, mai gutsurarren baya, wannan labari bai shafe shi ba: ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyinsa na baya, babu hannun saman da za a sauya.

## Janairu 2022: an kwantar da ita

A tsakiyar Janairu mai motar ya sa a cire sifirin na asali aka sa gajeru, motar ta sassauto ƙasa da kimanin milimita 35. Ya sa rim mai inci 17 da faɗin inci 7.5, ofset 40 (awon yadda rim ke shigewa ciki ko fitowa waje), da sabbin tayoyi 215/45 masu zurfin zane milimita 8. Rim ɗin ya fi na asali faɗi kuma ya ɗan fi fitowa waje, don haka bakinsa ya matso kusa da leɓen fenda. Wannan zai taso daga baya.

Da aka gama, an kai ta alaimen, amma irin wanda ake taɓa gaba kawai. Aka daidaita sitiyari aka sallame shi. Abokai suka yaba yadda tayoyin baya suka ɗan jingina ciki, suka ce ta zauna.

Jinginar ba ado ba ne aka ƙara, tsarin ƙafar ne ya kawo ta. Da yake hannun sama ya fi na ƙasa gajarta, duk lokacin da taya ta matsa sama sai ya janyo samanta ciki. Da gangan aka tsara haka, don idan mota ta kwanta a kwana tayar waje ta zauna daram a kan kwalta. Saboda haka kwantar da mota daidai yake da tura taya sama a bar ta can har abada. Kambar da aka tanada don kwana sai ta zama wadda ake tafiya da ita a miƙaƙƙiyar hanya.

## Mayu 2022: kuka daga baya

Bayan kimanin kilomita 6,000, wani gurnani ya fara tasowa daga baya, yana ƙaruwa da gudu. Makaniken unguwa ya saurara ya ce boris ne. Aka sauya boris ɗin hagu. Gurnani bai tafi ba.

Mai faci ne ya gano abin, ranar da aka je cire ƙusa. Daga waje tayar hagu ta baya kamar sabuwa, amma da ya mirgino ta sai ga gefen ciki ya sha ƙasa. Da aka auna zurfin zanen, gefen waje milimita 7 ne, gefen ciki 3. Ta dama 7 a waje, 5 a ciki. Ban da haka, in ka shafa zanen da tafin hannu ta wani ɓangare sumul yake, in ka dawo sai ya riƙa kama fata kamar haƙoran zarto, kuma akwai tudu da kwari a zagayen. Tudu da kwarin nan ne ke kukan da aka ɗora wa boris.

Shawarar da aka yanke ita ce a mayar da na gaba baya, na baya gaba, a yi balansin, a ƙara iska. Sakamakon bai yi daɗi ba. Tayoyin da suka lalace suka kai karkarwa sitiyari, masu lafiyar da aka kai baya kuma suka shiga layin cinyewa. Cikin kilomita 3,000 gefen cikin ta hagu ya sauka daga 7 zuwa 4.6. Ƙarin iskar bai tsinana komai ba sai sa motar tsalle a kan tudun rage gudu.

## Yuli 2022: awo na farko

Sai a Yuli aka ɗora motar a na'urar da ke auna ƙafa huɗu. Kambar baya ta hagu digiri 2.7 ciki, ta dama 2.3. Abin da Honda ta nema bayan an sa gyararrun hannuwa shi ne tsakanin 0 da 1.5. To ɗin ya fi ban mamaki: tayar hagu ta dosi waje da digiri 0.30, ta dama ta dosi ciki da 0.15. Ka'idar motar kuwa ɗan to-in ne, kimanin milimita 2 in an haɗa ɓangarorin biyu.

Mai alaimen ɗin, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya haska fitila ya ga sabon gurbin sufana a kan bol ɗin gyaran to na hagu. Ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa maka wannan?" Matashin ya ce, "Baba, ni dai sifirin na ce a sa mini." Wanda ya sa sifirin ya kwance bol ɗin don ya sami sarari, ya mayar ba tare da ya yi masa alama ba.

Lissafin abin da waɗannan lambobi ke yi wa roba ba shi da wuya. Taya mai faɗin milimita 215 da ta jingina digiri 2.7, gefenta ɗaya ya fi ɗaya sauka da kusan milimita 10, don haka gefen ciki ne ke ɗaukar yawancin nauyi. Taya da ta kauce da digiri 0.30 kuma, a kowace kilomita guda ana jan ta a kaikaice fiye da mita 5. A kilomita 6,000, ja ne na sama da kilomita 30 a kan kwalta, kamar ana goga ta a dutsen wasa wuƙa.

Dattijon ya gyara to a take, ya kawo kowane ɓangare 0.08 ciki. Kamba kuma ya ce ba shi da abin murɗawa. Ya leƙa hannuwan sama, babu C a ko ɗaya.

## Agusta 2022: mai walda da hannuwan C

Hanya biyu aka kawo masa. Wani mai walda ya ce, "Oga, a yanka a ƙara masa ƙarfe, kafin ka idar da la'asar an gama." Dattijon ya hana. 'Yan milimita kaɗan na tsawon hannun ke sauya digiri guda, kuma ba wanda zai yanka ya haɗa ɓangare biyu su fito daidai da ido. Zafin walda na dafa bushin, wato robar da ke bakin hannun inda bol ke ratsawa, kuma hannun da ya karye ana gudu a hanyar Zariya ba ya ba da sanarwa.

Hanya ta biyu ita aka bi: neman hannuwa masu C a wurin masu kayan Beljiyam. Sai da aka juya tari guda kafin a haɗa biyu, don masu sayarwa ba su bambanta su da marasa alamar. Aka ɗaura, aka sayi sabbin tayoyi huɗu, aka koma na'ura. Hagu ta dawo 2.0, dama 1.6, aka sake daidaita to.

Gurnani ya ɗauke. Bayan kilomita 3,000 gefen cikin tayar hagu ya ragu da milimita 0.9, na waje da 0.5. Amma a farkon Oktoba bayan motar ya fara ɗan lilo in an taka rami. Bushin ɗin hannun hagu ya tsage. Roba ce da ta yi shekaru a wata motar kafin ta iso nan, aka kuma ɗaure ta motar na rataye a jak, tayoyi na reto. Da aka sauke, robar ta murɗe ta zauna a haka.

## Oktoba 2022 zuwa Fabrairu 2023: jajayen hannuwa

A nan ne matashin ya shiga intanet neman hannun da ake iya ƙara wa tsawo ko rage shi. Ya zaɓi wasu jajaye masu sheƙi, na alminiyom, marasa sunan kamfani, a ƙasa da rabin kuɗin waɗanda aka sani. Miƙaƙƙu ne sambal. A maimakon roba, kowane baki na ɗauke da ƙwallon ƙarfe a cikin kwasfa, wanda 'yan tsere ke kira filo-bol. Tallar ta ce irin na motocin tsere ne, kuma wannan kalmar ce ta saye shi.

Wani yaron gareji ya ɗaura su ranar Asabar, ya riƙa warware su yana duba manhajar awon karkata a waya har tayoyin suka kusa miƙewa, wajen digiri 0.5. Ba a koma na'ura ba, tunda a ganinsu to ɗin an riga an gyara a Agusta.

Matsala ta farko ta zo washegari. Da mutum uku suka zauna a baya, tudun rage gudu na farko ya sa kafaɗar taya ta goga leɓen fenda. Duk digiri guda da aka cire daga kamba yana tura saman taya waje da milimita 5 zuwa 7, kuma rim ɗin dama can ya ci sararin. Aka rage tsawon hannuwan da ido zuwa wajen digiri 1.

Ta biyu ƙara ce. Ƙwallon ƙarfe ba ya shanye komai, don haka kowane tsakuwa sai an ji shi a kujera. Wannan ya haƙura da shi. Amma ƙwallayen ba su da robar rufi, ga hunturu ya shigo da ƙurarsa, ga mai wankin mota na harba ruwa mai ƙarfi ƙarƙashin fenda duk mako. Zuwa Janairu an fara jin ƙwas-ƙwas, zuwa Fabrairu ana iya girgiza tayar hagu da hannu a ji ta motsa.

Da aka cire su a ƙarshen Fabrairu, an ga abu uku da ba a ji daga kujera. Notin kulle na hagu ya sassauta, hannun ya riƙa rage tsawonsa da kansa. A hannun dama, zaren bol ɗin (tsagin da ake murɗawa a kai) da ya rage a cikin alminiyom bai kai kaurin bol ɗin ba, don an warware shi kusan ƙarshe. Kuma a bayan kowane hannu jan fentin ya goge a wuri guda, da tabo daidai wurin a jikin bodi. Hannun asali a lanƙwashe yake don ya kauce wa wannan wuri in ƙafa ta nutse. Miƙaƙƙen kuwa dukansa yake yi.

Kafin a cire an auna: kamba 1.6 a hagu, 0.9 a dama, kuma tayoyin biyu sun dosi waje, 0.20 da 0.12. Gefen cikin tayar hagu ya sauka daga 7.1 zuwa 3.2 a kilomita 7,500. Tayoyin baya biyu suka bi huɗun farko.

## Maris 2023: yadda aka yi zaɓen

Wannan karon dattijon ya ce ba za a buɗe waya ba sai an rubuta abin da ake nema a takarda. Motar ta yi wata guda a ajiye a kan aron tsofaffin hannuwa.

An fara da lamba. Da hannun asali kambar 2.7 ce da 2.3. Ina ake so ta tsaya? Ba a sifili ba. Da ma'auni aka gwada sararin fenda, mutum uku na zaune a baya, aka ga taya na wucewa lafiya daga digiri 1.2 zuwa sama. Aka tsayar da 1.3: tana cikin ka'idar Honda, ba ta goga fenda, kuma ta bar wa motar ɗan riƙon kwana. Gyaran da ake buƙata ke nan digiri 1.4 a hagu, 1.0 a dama. Duk hannun da zai kai wannan sai an warware shi zuwa ƙarshe, an fitar da shi daga lissafi. Ka'idar da makera ke bi ita ce zaren da ke cikin gida ya kai aƙalla kaurin bol ɗin sau ɗaya da rabi, ya fi haka ma in gidan alminiyom ne.

Daga nan sai bakin hannun, inda aka fi daɗewa ana muhawara, don shi matashin har yanzu ransa na kan ƙwallon ƙarfe. Iri uku ne a kasuwa. Ƙwallon ƙarfe ba ya lanƙwasa ko kaɗan, shi ya sa mai tsere ke son sa: lambar da ya saita ita zai samu a tsakiyar kwana. Amma mai tsere na duba ƙafar motarsa bayan kowace fita, kuma filinsa ba ƙura da rami. Akwai roba mai tauri irin ta foliyuretan, wadda ba ta murɗewa sai dai ta zame a kan bututunta, don haka tana son giris a kai a kai, in ta bushe ta kama kuka. Akwai kuma baƙar roba irin ta asali, wadda wasu kamfanoni ke ƙara wa tauri. Ita manne take da ƙarfenta, ba wurin da ƙura za ta shiga, ba ta neman giris. Ga motar da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya rani da damina, aka tsaya a kan ta ukun.

Siffa ba ta ɗauki lokaci ba, tabon da ke jikin bodi ya riga ya yi magana: sai mai lanƙwasa irin ta asali. An kuma nemi wanda ake gyarawa yana ɗaure a mota, mai gida a tsakiya da zaren hagu da na dama da notin kulle biyu. Akwai irin da sai an kwance baki ɗaya a juya shi rabin zagaye a mayar. Irin wannan na tafiya tsalle-tsalle, kuma mai alaimen da layi ke jiransa ba zai kwance sau biyar don neman 0.1 ba.

Ƙarfe ko alminiyom? Alminiyom mai kyau ba shi da laifi, kuma ya fi sauƙin nauyi. Sai dai ƙarfe kan lanƙwashe ya ba da alama in ya sha mugun rami, zarensa kuma ya fi jure hannun yaran gareji. Bambancin nauyin ba abin da direba zai ji ba ne a wannan mota. Aka zaɓi ƙarfe.

Sai a ƙarshe aka zo kan suna. Kamfanoni irin su SPC da Skunk2 na Amurka da Hardrace na Taiwan duk suna yi wa wannan Civic hannun kamba na baya, kuma Hardrace kan fitar da hannu ɗaya a iri biyu, mai roba da mai ƙwallo, don haka sunan kamfani kaɗai bai isa ba, sai an duba lambar kaya. Abin da sunan ya amfana shi ne takarda: iyakar digirin da hannun ke kaiwa a rubuce, da shekarun motar da ya dace da su. Ya saya daga dillalin da kamfanin ya lissafa a shafinsa, saboda jabun kayan da ke ɗauke da tambarin manyan kamfanoni sun yi yawa.

## Afrilu 2023: ɗauri da awo

Kafin a ɗaura an jera sabon hannu da na asali a kan benci, aka saita tsawonsu daidai, sannan aka ƙara kaɗan, don motar ta isa na'ura ba a karkace ba. An shafa wa zaren man hana tsatsa. Bol-bol ɗin bushin an bar su sako-sako har sai da nauyin motar ya zauna a kan ƙafarta, sannan aka ɗaure da sufana mai awo. Kuskuren Agusta ke nan aka kauce wa.

An duba sauran bushin da shokozoba na baya, don alaimen a kan ƙafa mai wasa aikin banza ne. Aka sa sabbin tayoyi biyu, aka daidaita iska, tanki na da rabi.

A kan na'ura an bi tsari: kambar baya tukuna, sannan to na baya, sannan gaba. Dattijon ya sa matashin ya tsaya gaban allon ya ga da idonsa yadda lambar to ke gudu duk lokacin da aka murɗa hannun kamba. Aka tsaya a 1.3 hagu da dama, to-in 0.08 kowane ɓangare. An riƙe gidan tsakiya da sufana ɗaya ana ɗaure notin kulle da wata, aka sake duba allo don ɗaurin kansa na iya ture lamba. Aka ja layin farin fenti ya ratsa noti da gida, yadda in ɗaya ya motsa za a gani ba sai an auna ba. An buga takardar awon an sa a aljihun mota.

Bayan kilomita 800 aka koma. Layin fenti na nan a miƙe, kamba 1.3 da 1.4, ba a taɓa komai ba.

## Afrilu 2024: bayan shekara guda

Motar ta yi damina guda da hunturu guda, kimanin kilomita 18,000. Don a ga gaskiyar aikin, an bar tayoyin baya a wurinsu duk tsawon lokacin. Ta hagu: 5.3 a ciki, 5.8 a tsakiya, 6.0 a waje. Ta dama ba ta bambanta da ita da fiye da 0.2 ba. Babu haƙoran zarto, babu gurnani, fenda ba ta sake cin roba ba. An taɓa to sau ɗaya a Satumba bayan motar ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Bushin ɗin ba su tsage ba.

## Abin da lambobin suka nuna

In aka raba cinyewar gefen cikin tayar hagu da tafiyar da aka yi, zango huɗun sun fito haka a kowace kilomita 1,000: milimita 0.83 da hannun asali, 0.30 da hannuwan C, 0.52 da jajayen, 0.15 da na ƙarshe. Zango na uku ne ya tona asiri. Kambarsa ba ta kai ta zango na biyu ba, amma ya fi shi cin taya nesa ba kusa ba, kuma abin da ya bambanta su to ne. Kamba ce ke zaɓar gefen da zai mutu, to ne ke yanke saurin mutuwar. Wata shida aka yi jinginar kawai ido ke gani, alhali babban mai laifin bol ne guda da aka mayar ba alama.

Wannan bai wanke kambar ba. Da 2.7 a hagu da bambancin 0.4 tsakanin ɓangarorin, motar na buƙatar hannu, kuma mai gyaruwa ne kaɗai zai iya daidaita hagu da dama. A ganina, da an sami sabbin hannuwan C a Agusta aka ɗaure su yadda ya kamata, da ya iya zama da su, yana ɗan asarar gefen ciki da zai iya ragewa ta hanyar juya tayoyi. Tsohuwar roba da ɗaurin jak ne suka kashe wannan hanya, ba tunanin ba.

Jajayen hannuwan kuma ba arha kaɗai ce ta kayar da su ba. Ko da ƙwallon mai tsada ne, marar rufi a ƙurar Kano ajalinsa gajere ne, miƙaƙƙen jiki kuma zai doki bodi ko tambarin wa ke kansa. Na ƙarshen sun yi aiki ne don kowace sifarsu amsa ce ga abin da aka auna a wannan motar: digiri 1.4 da ake nema, sararin fenda da mutum uku a baya, tabon da ke jikin bodi. Da motar filin tsere take zuwa, ko da an kwantar da ita milimita 60 maimakon 35, takardar Maris da ta fito daban, kuma mai yiwuwa ƙwallon ƙarfen da aka ƙi ne zai hau kanta.

Kuɗin tayoyi shida, boris ɗin da bai yi laifi ba da hannuwa kashi biyu da aka zubar ya ninka kuɗin hannuwan ƙarshe da alaimen ɗinsu. Motar na nan a milimita 35 ɗinta, kuma duk sanda aka cire tayar baya yakan durƙusa ya duba farin layin nan.